Gatan farar fata a Amurka: abin da takardu suka tabbatar da abin da ya koma wa'azi

A watan Nuwamba na 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan ƙarar wani mutumin Japan, Takao Ozawa. Ya fi shekara ashirin a ƙasar, ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya, Turanci ake yi a gidansa, abin da ya rage masa kawai takardar zama ɗan ƙasa. Dokar da aka kafa tun 1790 kuwa ta ce baƙon da za a ba wannan takarda sai ya kasance farar fata mai 'yanci. A 1870 aka ƙara 'yan asalin Afirka, sauran jama'ar duniya aka bar su a waje. Ozawa ya ce a dubi fatar mutanensa, ta fi ta wasu 'yan Italiya da Sifen da Fotugal haske. Alƙalai suka ce ba hasken jiki doka take nufi ba, tana nufin jinsin da masana na wancan zamani suke kira Kokeshiyan, Japanawa kuma ba sa cikinsa.

Wata uku kacal bayan haka, a Fabrairun 1923, sai ga Bhagat Singh Thind, mabiyin addinin Sikh daga yankin Punjab na Indiya, wanda har ya sa kakin sojan Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi kam littattafan masanan nan sun sa mutanensa cikin Kokeshiyan, don haka ga dukkan alamu hukuncin Ozawa ya buɗe masa ƙofa. Alƙalin da ya rubuta hukuncin farko, George Sutherland, shi ne ya sake ɗaukar alƙalami. A wannan karon ya ce maganar masana ba hujja ba ce, farar fata shi ne wanda mutumin kan titi ya sani da farar fata. Bayan wannan hukunci aka bi Indiyawa gommai da suka riga suka samu takarda aka ƙwace ta. Sai a 1952 aka cire sharaɗin launin fata daga dokar baki ɗaya.

Irin waɗannan shari'u ne suka ba da hujja ga wani reshen bincike da ya bunƙasa a jami'o'in Amurka daga wajen 1990, wanda za mu iya kira nazarin farar fata. Kafin nan mai binciken launin fata baƙin mutum yake sa wa ido: me ya sa yake talauci, me ya sa 'ya'yansa suke barin makaranta, me yake damun iyalinsa. Ba a tambayar farin, don shi ake ɗauka mutum na asali wanda ake gwada kowa da shi. Sai waɗannan masana suka juya tambayar: wane ne farar fata, wa ya zana iyakar, yaushe, kuma me mutum yake samu in ya faɗa cikinta? A ganina fagen nan gida biyu ne. Ɗaya ya tsaya a kan dokoki da takardun filaye da lissafin kuɗi, kuma ture shi yana da wuya ƙwarai. Ɗayan ya koma binciken zukata da neman tuba. Shi ne ya fi yin suna a duniya, shi ne kuma ya fi rauni.

A fara da mai ƙarfin. A yankin Virginia, inda Ingilishi suka kafa gonakin taba, an kawo 'yan Afirka na farko a 1619. A shekarun farko gonakin cike suke da barori Turawa masu yarjejeniyar aiki na wasu shekaru, suna kwana suna tashi tare da 'yan Afirka, har suna guduwa tare. A 1640 wasu uku suka gudu aka kamo su. Biyu Turawa, aka ƙara musu shekara huɗu-huɗu. Na ukun, John Punch, ɗan Afirka, aka ce ya yi bauta har mutuwarsa. A 1662 aka yi doka cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi, wato ubangida ya yi wa baiwarsa ciki abin da ta haifa dukiyarsa ne. A 1676 aka yi tawayen Nathaniel Bacon, barori farare da bayi baƙaƙe suka ɗauki makami gefe guda har aka ƙone Jamestown, babban garin yankin. Dokokin da suka biyo baya su ne abin dubawa. Ta 1691 ta hana aure tsakanin fari da baƙi. Ta 1705 ta hana a tuɓe bara Bature Kirista a yi masa bulala sai da izinin alƙali, ta ce in ya gama wa'adinsa a sallame shi da hatsi da kuɗi da bindiga, sannan ta ce doki ko saniya ko aladen da bawa ya mallaka a ƙwace a sayar a ba talakawan unguwar cocin. Talakan Bature bai zama mai arziki da wannan ba, amma an nuna masa wanda yake ƙasa da shi, an kuma ba shi dalilin tsaron tsarin.

Masana tarihi irin su Edmund Morgan da Theodore Allen a nan suke ganin asalin abin. Wasu, kamar Winthrop Jordan, sun ce ƙyamar baƙar fata ta riga dokokin, Ingilishi sun zo da ita tun daga gida. Muhawarar ba ta ƙare ba. Amma ko wanne ya riga wani, dokokin suna nan a rubuce da shekarunsu.

Wanda ya fara ba abin suna mai kama hankali shi ne W.E.B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Harvard, a 1895, wanda daga ƙarshe ya koma Ghana bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ya rasu a Akara a 1963. A littafinsa na 1935 a kan shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasar Amurka ya tambayi abin da ya hana lebura fari da lebura baƙi na kudancin ƙasar haɗa kai, alhali mai gona ɗaya yake tatsar su. Amsarsa ita ce farin yana karɓar albashi biyu. Na kuɗi kaɗan ne. Na biyun shi ne girma a idon jama'a: ana kiransa da laƙabin mutunci, yana shiga wurin shaƙatawa da kowane taro, daga cikinsu ake ɗaukar 'yan sanda, kotu tana yi masa sassauci saboda ƙuri'arsa, makarantar 'ya'yansa ana kashe mata ninki biyu zuwa goma na abin da ake kashe wa ta baƙaƙe. Abin lura, Du Bois bai ce talakan fari ɗan gata ba ne da ya kamata ya ji kunya. Cewa ya yi an saye shi da araha, kuma cinikin ya cuci su biyun. Daga wannan shafi David Roediger ya ɗauko sunan littafinsa na 1991 mai ma'anar albashin zama farar fata, wanda da yawa suke ɗauka shi ne mafarin fagen a zamanin nan. Noel Ignatiev ya biyo a 1995 da labarin 'yan Ailan, waɗanda suka iso Amurka ana raina su ana zana su kamar birai a jaridu, suka samu karɓuwa ta hanyar ture baƙaƙe daga ayyukan tashar jiragen ruwa da ƙungiyoyin ƙwadago.

Inda hujjar ta fi nauyi, a wurina, shi ne maganar gidaje, don a nan ne tarihi ya zama kuɗi a aljihun mutanen da suke raye yau. A shekarun 1930 gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumomi don ceto masu gidaje da sauƙaƙa bashin sayen gida. Ɗaya daga cikinsu ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa wa unguwanni launi: kore ga mafi aminci, ja ga mafi haɗari. Kusan duk unguwar da baƙaƙe suke zaune ja aka shafa mata. Hukumar gidaje ta tarayya da aka kafa a 1934, wadda take tsaya wa bankuna a kan bashin gida, littafin ƙa'idojinta ya ɗauki cakuɗuwar jinsi a unguwa a matsayin abin da yake karya darajar gida. (Wasu masana tattalin arziki na ganin an ɗora wa taswirorin nauyin da ya fi nasu, ita hukumar ta 1934 ce ta fi ɓarna. Wannan gyara ne a kan wanda ya riƙe wuƙar, ba musun yankan ba.) Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina Levittown kusa da New York, gidaje kusan 17,000, kowanne a kan dala 8,000 ko ƙasa da haka, da sharaɗi a takardar cewa wanda ba farar fata ba ba zai zauna ciki ba sai in ɗan aiki ne. Dokar 1944 da ta tanadar wa tsofaffin sojoji karatu da bashin gida ba ta ambaci launi ba, amma an bar aiwatar da ita a hannun bankuna da jami'an jihohi. A jihar Mississippi a 1947, cikin bashi 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a biranen da aka bincika, biyu ne suka je hannun baƙaƙe. Sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje.

Gida kuwa shi ne asusun talakan Amurka. Darajarsa tana hawa, da shi ake cin bashin karatun yara, shi ake bari gado. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyali farar fata dala 285,000 ce, ta baƙar fata dala 44,900. Kusan uku cikin huɗu na iyalan farare suna zaune a gidan kansu, baƙaƙe ba su kai rabi ba. Wata malamar shari'a, Cheryl Harris, ta rubuta a 1993 cewa zama farar fata a Amurka ya yi aiki kamar kadara, abin da doka take karewa kuma ake gada. Ta buɗe da labarin kakarta, mai hasken fata, wadda ta ɓoye asalinta a shekarun 1930 don ta samu aiki a wani babban kanti a Chicago, tana zaune tana jin abokan aikinta suna zagin baƙaƙe ba ta da bakin magana.

Mai musu zai ce duk wannan ya wuce. Sai masana suka fita da gwaji. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga masu tallar guraben aiki a Boston da Chicago, takardun iri ɗaya, suna kawai aka sauya. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna masu suna irin Emily da Greg sun samu kira da kashi 50 cikin ɗari fiye da masu sunan da aka san baƙaƙe da shi. Cikin sunayen da aka gwada akwai Jamal da Kareem da Rasheed da Hakim da Aisha, kuma Aisha ce ta zo ƙarshe a samun kira. Devah Pager ta yi nata a Milwaukee da mutane na gaske, ta buga a 2003: farin da ya ce ya taɓa zaman gidan yari an kira shi kashi 17 cikin ɗari, baƙin da bai taɓa laifi ba kashi 14. Wani gwaji da ya fi waɗannan girma, wanda Patrick Kline da abokansa suka yi da takardu kusan 83,000 ga manyan kamfanoni 108, ya samu tazara ƙarama, wajen kashi 9 cikin ɗari. Amma ya gano wani abu mai amfani: kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ne suke da kusan rabin wariyar. Wato abin yana da adireshi, ana iya zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa.

Gida na biyu ya fara da wata takarda gajera. Peggy McIntosh, malama a kwalejin Wellesley mai nazarin al'amuran mata, ta lura abokan aikinta maza sukan yarda an danne mata, amma ba sa yarda su sun ci riba. Sai ta tambayi kanta ko ita ma haka take game da launin fata. A 1988 ta jera abubuwa 46 da take samu ba tare da ta roƙa ba: ta shiga kanti ba a bin ta da ido, ta kunna talabijin ta ga masu kama da ita, ba a ce ta yi magana da yawun duk jinsinta, ta sayi filastar ciwo mai launin fatarta. A 1989 ta fitar da gajeren sigar, ta kwatanta abin da jakar goyo da ba a gani, cike da guzuri. Kalmar gatan farar fata ta girme ta, Allen da Ignatiev sun yi amfani da ita tun 1967 a muhawarar 'yan gurguzu, amma takardar McIntosh ce ta kai ta azuzuwa da ofisoshi.

Takardar tana da amfaninta. Mutumin da bai taɓa tunanin abin ba takan buɗe masa ido. Sai dai ta sauya wurin da ake neman matsalar. Du Bois yana kallon mai gona da kotu da kasafin makaranta, jerin McIntosh yana kallon abin da mutum ɗaya yake ji a ransa in ya shiga kanti. Kuma da yawa daga abin da ta lissafa ba gata ba ne. A bar ka ka yi sayayya ba a ɗauke ka ɓarawo ba haƙƙi ne da aka hana wasu, ba alfarma ba ce da za a ƙwace daga wasu. Masana falsafa irin su Lewis Gordon da Lawrence Blum sun yi wannan gyara. Ita kanta McIntosh ta sha faɗin cewa ba ta rubuta don a ji laifi ba. Amma magana in ta fita ba ta tambayar mai ita inda za ta.

Jin laifin farar fata tsohon batu ne, kuma abin mamaki waɗanda suka fi sukarsa baƙaƙe ne. James Baldwin ya rubuta a mujallar Ebony a 1965 cewa farin Ba'amurke in ya haɗu da baƙi sai ya shiga kare kansa, ba ni na yi ba, ba na nan lokacin, kuma wannan kare kan shi ne yake hana shi kallon tarihin da yake tafe da shi. Steve Biko a Afirka ta Kudu, a 1970, ya yi wa fararen da suke nuna tausayi tatas: suna shirya shan shayi da baƙaƙe don su wanke zuciyarsu, sannan su koma unguwanninsu da ƙuri'arsu. Ya ce in da gaske suke su je su yi aiki a cikin 'yan uwansu farare. Daga ɗaya ɓangaren siyasa, Shelby Steele ya ce a littafinsa na 2006 abin da ake kira jin laifi ba nadama ba ce, tsoro ne kada a kira mutum mai wariya. Don haka hukuma ko jami'a takan zaɓi matakin da zai wanke sunanta da sauri, ko ya amfani baƙi ko bai amfane shi ba. Baldwin da Biko da Steele ba za su zauna inuwa ɗaya a siyasa ba, amma duka ukun sun hango cewa in jin laifi ya shigo, farin ne yake komawa tsakiyar labarin.

Shekarar 2020 ta gwada wannan magana. Bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, littafin Robin DiAngelo na 2018 ya hau saman jerin waɗanda aka fi saya. DiAngelo farar fata ce mai horar da ma'aikata a kamfanoni, kuma hujjarta ita ce farare ba sa iya jure maganar launin fata: wani ya yi fushi, wani ya yi shiru, wata ta yi kuka, duk alamar cuta ɗaya ce. Matsalar a fili take. In ka yarda ka tabbatar da maganar, in ka musa ka ƙara tabbatar da ita, babu amsar da za ta iya ƙaryata ta. Abin da ba ya ƙaryatuwa kuwa ya bar ilimi ya shiga aƙida. John McWhorter, masanin harshe baƙar fata a Jami'ar Columbia, ya ce littafin raina baƙaƙe yake yi, yana ɗaukar su kamar ƙwai da ba a taɓawa. A watan Yuni na shekarar shugabannin jam'iyyar Dimokurat a majalisa suka rataya ƙyallen kente na Ghana suka durƙusa na minti takwas da daƙiƙa 46. Ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda mai ɗauke da sunan Floyd ya wuce majalisar wakilai, ya maƙale a ta dattawa. Jaridar Washington Post ta bi alkawuran manyan kamfanoni 50 a 2021, ta samu sun kai kusan dala biliyan 50, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari bashi ne da jari waɗanda kamfanonin za su iya cin riba da su.

Akwai kuma ɓarnar da ba a zata ba. Erin Cooley da abokan aikinta sun buga wani gwaji a 2019: suka karanta wa mutane bayanin gatan farar fata, sannan suka ba su labarin wani talaka, wani lokaci a ce fari ne, wani lokaci baƙi. A wurin masu sassaucin ra'ayi bayanin bai ƙara tausayin talaka baƙi ba. Abin da ya yi shi ne rage tausayin talaka fari, suka fi ganin laifinsa ne da ya kasa da duk gatan da yake da shi. A ƙasar da Anne Case da Angus Deaton suka nuna a 2015 cewa mutuwa tana ƙaruwa tsakanin farare masu matsakaicin shekaru marasa ilimi mai zurfi, saboda ƙwaya da giya da kashe kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka je garin da ma'adinin kwal ya rufe ka ce wa mutum ɗan gata ne, ka san wanda zai zaɓa. Adolph Reed, masanin siyasa baƙar fata mai ra'ayin gurguzu, ya daɗe yana cewa maganar gata ta ba masu kuɗi hanyar zancen adalci ba tare da an taɓa albashi ko haraji ba. Ga kuma alƙaluman da ba sa shiga tsarin baƙi da fari cikin sauƙi: a binciken nan na 2022 iyalan 'yan asalin Asiya sun fi farare dukiya, dala 536,000. 'Yan Najeriya da suke Amurka suna cikin 'yan ƙasashen waje mafi yawan digiri. Wannan bai rushe hujjar gidaje ba, don wanda ya sauka da biza da digirinsa ba jikan wanda aka hana bashi a 1947 ba ne. Kuma zuwa daga wata ƙasa ba ya hana harsashi: Amadou Diallo, Bafulatanin Gini, 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa a New York a 1999, yana ciro walat ɗinsa, kotu ta sallame su.

To ina mafita tsakanin wanda ya ce kowane fari mai laifi ne da wanda ya ce ba ruwansa? Jamusawa sun riga kowa shiga wannan rami. Bayan ta'asar 'yan Nazi, masanin falsafa Karl Jaspers a 1946 ya raba laifi kashi-kashi, ya ce na aikata ta'asa yana kan wanda ya aikata, amma alhakin siyasa yana kan duk ɗan ƙasa, ko ya so gwamnatin ko bai so ba, kuma da biyan diyya ake sauke shi. Ɗalibarsa Hannah Arendt ta ce inda kowa ya zama mai laifi babu mai laifi, kuma ta faɗi haka ne har game da fararen Amurka masu cewa dukkanmu mun yi laifi, don irin wannan iƙirari rufa wa masu laifin na gaske asiri yake yi.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar Jaspers kafin ya gane wannan. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Amma a wurin jana'iza ana tashi a yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, kuma ba a raba gado sai an fitar da bashin. Ba wanda yake cewa magaji ya yi zunubi don mahaifinsa ya ci bashi, ba kuma wanda yake yarda ya cinye gadon ya ce ai ba shi ya ranta ba. Kukan magaji ba ya rage ko kwabo daga bashin, rashin kukansa ba ya ƙara shi. Inda kwatancen ya gaza shi ne a gado an san mai bin bashi an san adadi, a nan kuwa wa zai biya, wa zai karɓa, nawa, su ne ainihin rigimar. Amma ba a ce ba a taɓa yi ba. Birtaniya ta ware fam miliyan 20 bayan dokar 1833 ta hana bauta, sai dai masu bayi ta biya, ba bayin ba, kuma baitulmalinta ya ce sai a 2015 aka gama biyan bashin da aka ci don haka. Amurka a 1988 ta ba kowane Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya rage a raye cikin waɗanda aka tsare a sansanoni lokacin yaƙi dala 20,000 da takardar neman afuwa, Ronald Reagan ne ya sa hannu.

Kada kuma a ɗauka wannan awo na Amurka zai yi daidai da kowace ƙasa. A Afirka ta Kudu ya zauna, har ya fi: dokar 1913 ta bar wa baƙaƙe wajen kashi 7 cikin ɗari na ƙasa, dokar 1950 ta yi wa kowa rajistar jinsi, kuma binciken gwamnati na 2017 ya samu kashi 72 cikin ɗari na gonakin da ɗaiɗaikun mutane suka mallaka a hannun farare suke. Mu ma mun ɗanɗana a zamanin Turawa, lokacin da ƙa'ida ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, asalin GRA ke nan. Amma da suka tafi namu ne suka shiga gidajen, kuma gatan da yake raba mutane a Kano ko Zinder yau ba a fata yake ba.

A Amurkar kanta iska ta juya. Jihar Florida ta yi doka a 2022 da ta hana koyar da cewa mutum dole ya ji laifi ko ƙunci saboda abin da 'yan jinsinsa suka aikata a da, ko da yake kotuna sun dakatar da wasu sassanta. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. A Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin rufe shirye-shiryen daidaita jinsi a ma'aikatun tarayya. Masu wannan yaƙi sun samu abin bugu mai sauƙi a tarukan horon nan na neman tuba, sai suka haɗa da tarihin 1705 da na 1934 suka jefa kwando ɗaya.

Wani ƙaramin gari kusa da Chicago, Evanston, ya gwada ɗaya hanyar. A 2021 majalisar garin ta amince ta fara ba da dala 25,000 ga baƙaƙen da suka zauna a garin tsakanin 1919 da 1969, ko 'ya'yansu da jikokinsu, don sayen gida ko gyara shi ko rage bashinsa, daga harajin tabar wiwi da jihar ta halatta. Ba a tambayar kowa abin da yake ji a ransa. Takardar shaidar zama a garin cikin waɗancan shekaru ake nema. Kuɗin bai kai ya rufe tazarar ba, biyan ma a hankali yake tafiya, kuma a 2024 wata ƙungiyar masu ra'ayin riƙau ta kai garin kotun tarayya a madadin wasu da ba baƙaƙe ba, tana cewa sharaɗin launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.